Yadda na shekara biyu ina yawon mustausaf a Jidda kafin ciwona ya samu suna

Makon jiya a wajen wani suna a unguwar Karantina, nan Jidda, wata baiwar Allah ta zauna kusa da ni tana ta murza kafaɗarta, ko shinkafar da aka ajiye mata ba ta taɓa ba. Na ce mata sannu, jikin ne? Ta ce wallahi Hajiya shekara guda ke nan ko'ina ciwo yake mata, ta kwana ta tashi kamar wadda aka lakaɗa wa duka, amma duk mustausaf ɗin da ta je, wato ƙananan asibitocin unguwa, sai a ɗebi jini a ce ba a ga komai ba, har maigidan ya fara cewa ko son jiki ne. Tana magana ina jin kamar bakina ta ara. Hayaniyar taro ba ta bar mu mun yi hira sosai ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta hanyar da na bi daki-daki, ko Allah zai sa wata ta huta da wahalar da na sha. Ni ba likita ba ce, abin da ya same ni kawai zan faɗa.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Jidda a 2012. Maigidana yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya, igamata, wato katin izinin zama, a ƙarƙashin tasa take, kuma kamfaninsu ne yake yi mana ta'amin, wato inshorar lafiya, ni da yara, kamar yadda dokar ƙasar ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu. Ina ɗan taɓa sana'ar waina da dambu, masu biki da suna su kan ba ni aiki. A ƙarshen 2020, autana yana shekara guda, wuyana da kafaɗuna suka fara ciwo. Na ɗora wa sunkuyo a gaban tanda. Kafin wata uku ciwon ya sauko baya da ƙugu, ya shiga cinyoyi, wani lokacin gwiwar hannu, wani lokacin tafin ƙafa. Yawo yake yi, yau nan gobe can, shi ya sa ma idan ina ba da labarinsa ni kaina sai in ji kamar ina ƙari. Amma abin da ya fi ciwon cin raina gajiya ce. In yi barcin awa takwas in tashi kamar wadda ta kwana daka. Ga mantuwa: in zuba gishiri sau biyu a miya, in tsaya a tsakiyar falo ban san abin da na zo ɗauka ba, in rasa raka'a ta nawa nake a sallar La'asar.

Na fara da mustausaf na unguwa, kamar kowa. Tsarin ba wuya: ki miƙa igama a wajen karɓar baƙi, su duba kwamfuta su ga ta'amin ɗinki yana aiki, su buɗe miki malaf, wato fayil, ki biya kasonki. Namu a lokacin kashi 20 cikin 100 ne, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Likitan ya tambaye ni ina ke ciwo, na ce kafaɗa, don ran nan ita ta fi damuna. Nan na yi kuskurena na farko, kuma na yi ta maimaita shi. Wanda kika ce wa kafaɗa, kafaɗa zai yi wa magani. Ya rubuta allurar Voltaren, ƙwayar Brufen da man shafawa, cikin minti biyar na fito. Kwana biyu na ji dama-dama, na uku ciwon ya dawo ta ƙugu. Maimakon in koma wajensa sai na ce bai iya ba, na canja wani wurin da maƙwabciya ta yaba. A cikin 2021 kaɗai na shiga mustausaf shida, kowanne da sabon malaf, kowane likita daga farko yake farawa, ba wanda ya san abin da na baya ya ba ni. Ban ma san cewa idan ka koma wajen likita ɗaya a kan ciwo ɗaya cikin kwana 14 ba a sake karɓar kuɗin ganin likita ba. Muraja'a suke ce mata, kuma haƙƙinka ce. Ga matsalar harshe: Larabcina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki a Balad, amma bai isa in bayyana wa likita Bamisire ko Ba'indiye bambancin ciwo mai zafi da mai tsami da mai zugi ba. Ƙarshen wannan zagaye dai a ɗakin ɗawari ya ƙare, sashen gaggawa, da ƙarfe biyun dare, cikina yana ci kamar an zuba barkono. Likitan ya tambayi wata nawa na yi ina shan Brufen, da na faɗa masa sai ya dafe kai. Ya ce in daina nan take, waɗannan magungunan suna cin bangon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda idan aka daɗe a kansu.

Daga nan maigidana, Abban Walid, ya ce mu je mustashfa, wato babban asibiti, wajen likitan ƙashi. Ya sa aka yi hoton wuya da baya, bai ga abin kamawa ba, sai ya rubuta babban hoton nan na maganaɗisu da suke kira ranin. A nan na fara sanin muwafaƙa: duk abin da yake da tsada sai asibiti ya tura wa kamfanin ta'amin ya amince tukuna. Karon farko suka ƙi, wai likita bai rubuta irin maganin da aka gwada a baya ba. Ina zai rubuta, tunda takarduna suna warwatse a wuri shida? Sai da na koma na faɗa masa sunayen magungunan da na iya tunawa, ya sake turawa, sannan saƙon amincewa ya shigo waya. An sa ni cikin na'urar kusan rabin awa, ƙara kamar ana ƙira a kaina, na rufe ido ina ta salati. Sakamako ya nuna ɗan faifai ɗaya a ƙashin wuya ya ɗan turo. Ku yarda da ni, murna na yi, na ce alhamdulillahi an ga wani abu. Likitan, Allah ya saka masa, bai yaudare ni ba. Ya ce irin wannan ɗan turowar ana samunta a jikin mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, kuma ba ita za ta sa tafin ƙafa da cinya ciwo ba. Abin da ya samo na gaske shi ne bitamin D ɗina ya faɗi ƙasa sosai, 9 ya nuna, alhali ƙasa da 20 ma ƙaranci ne. Abin dariya a ƙasar da rana take kamar ta narka kwalta, amma haka yawancinmu muke a nan: daga gida sai mota, daga mota sai cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ya ba ni ƙwaya mai 50,000 sau ɗaya a mako har mako takwas. Lambar ta hau, ƙasusuwana sun ɗan saki, gajiyar da ciwon yawon suna nan daram.

Wannan lokacin shi ne mafi ɗaci, don da zarar an ji asibiti ba su ga komai ba, kowa sai ya zama likitanka. Wasu suka ce sanyi ne ya kama ni tun jegon auta saboda ban yi wankan jego yadda ya kamata ba. Wasu suka ce kambun baka ne saboda ciniki ya buɗe. Wata ta ja ni gefe ta ce in bincika, ba a rasa sammu. Na yi ruƙiya, na sha zuma da habbatus sauda da zamzam, na je an yi mini ƙaho sau uku a cibiyar hijama mai lasisi. Ban raina ko ɗaya ba, har gobe ina azkar ɗina ina tofa wa jikina. Abin da na ƙi shi ne masu cewa tunda an yi ruƙiya ba a warke ba to imanin ne da sauƙi. Da muka je hutu Kano a 2022 kuwa, kafin in ajiye jaka an yanke hukunci: taifot da maleriya. Na sha ƙarin ruwa da allurai, Hajiyarmu ta haɗa da jiƙe-jiƙen sanyi, na dawo Jidda yadda na tafi. Ana gobe za mu taso wani ɗan'uwa ya kawo shawarar in tafi da tiramadol ko kati biyar ne, wai shi ne maganin ciwon jiki. Allah ya taimake ni Abban Walid ya ji, ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga kayanmu ba. Don Allah kada wanda ya gwada wannan. A Saudiyya tiramadol yana cikin magungunan da hukuma take sa wa ido sosai, shigo da shi ba tare da takardar likita ba laifin ƙwaya ne, ba kuma a wasa da laifin ƙwaya a ƙasar nan. Daga baya ma na ji daga bakin likita cewa ire-irensa ba su ne maganin irin ciwona ba.

Hanya ta fara miƙewa a watan Janairun 2023, ta dalilin wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Bahausa ce haifaffiyar Makka, Khala muke ce mata. Ta shigo ta same ni kwance da hantsi, kwanuka jibge. Ta ce, "'Yar nan, ke ba likitan kafaɗa kike buƙata ba, likitan da zai dube ki gaba ɗayanki kike buƙata. Tashi ki tattaro duk wata takarda da aka taɓa ba ki." Ta raka ni wajen likitar baɗiniyya, masu duba cututtukan cikin jiki, wata 'yar Sudan mai haƙuri. Khala ta yi mini tafinta, karo na farko ke nan da na faɗi labarin daga tushe ba a katse ni ba. Daktora ta baza takardun a tebur tana jera su bisa kwanan wata. Tambayoyinta sun ba ni mamaki. Ko ina shan nonon raƙumi ko na akuya ɗanye, irin wanda ake tatsa a bakin hanya? Ashe akwai zazzaɓin da suke kira humma malɗiyya, ana ɗaukarsa daga ɗanyen nono, yana nan a ƙasar, kuma yana zuwa da ciwon gaɓoɓi da gumin dare da kasala. Ko akwai mai sikila a danginmu? Ko gaɓoɓina suna kumbura su yi ja? Da safe minti nawa jikina yake yi a sanƙare? Na rame? Gashina yana zuba? Ina minshari har numfashi ya ɗauke? Al'adata tana zuba da yawa? Ina yawan kuka? Ta rubuta tahalil, wato gwaje-gwaje, masu yawa, ta ce in zo da safe ban ci komai ba. An cika kwalabe bakwai da jinina. Bayan kwana huɗu muka koma: sukari lafiya, maƙoƙo lafiya, ƙoda da hanta lafiya, alamomin kumburi a jini ba su hau ba, zazzaɓin nono babu. Abu biyu ta ja wa layi: ajiyar sinadarin ƙarfe a jikina ta yi ƙasa, sai wani gwaji mai suna ANA da ya nuna alama kaɗan. Ta rubuta mini tahwil, wato takardar turawa, zuwa likitan romatizim, mai duba cututtukan gaɓoɓi. Daren nan na shiga intanet na karanta abin da ANA yake nufi, na ci karo da cutar lufus, wadda garkuwar jiki take juyowa ta far wa jikin kansa, ban runtsa ba har Asuba. Da na sani da ban duba ba.

Samun likitan romatizim shi ne jiran da ya fi tsawo. Ta'amin hawa-hawa ne, kowane aji da shabakarsa, wato jerin asibitocin da aka yarda ka je. A namu ajin asibiti biyu kaɗai muka samu masu irin wannan likitan, mau'idi, wato ranar ganin likita, mafi kusa mako biyar. Mun tambayi wani asibitin da ba ya cikin shabakarmu, suka ce riyal 400 ganin likita kawai, ban da harajin kashi 15 cikin 100 da baƙo yake biya a asibitin kuɗi, ban da gwaje-gwaje. Muka haƙura. Khala ta koya mini dabara: kullum da safe in kira in tambaya ko wani ya fasa zuwa. A mako na uku aka dace. Ranar na biya riyal 75 kasona, na yi zaman awa ɗaya da rabi a layi. Istishari ne, babban likita, dattijo mai magana a hankali. Ya duba gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya tun daga yatsu, nas tana tsaye, yana lanƙwasawa yana tambaya. Ya danna wasu wurare a wuya da kafaɗa da ƙugu, dannawar da ba ta kai a ce wash ba, ni kuwa har da zabura. Sannan ya miƙo takarda mai zanen jikin mutum an raba shi gida 19, ya ce in yi alama a duk inda ya yi ciwo cikin makon da ya wuce. Na yi wa 14. Ya tambayi gajiya, da tashi barci ba a huta ba, da mantuwa, kowanne in ba shi maki daga sifili zuwa uku. Game da ANA ya ce in kwantar da hankalina, ana samun ɗan wannan a jinin masu lafiya da yawa, amma zai ƙara gwaji biyu uku don ya rufe ƙofar lufus da amosanin gaɓoɓi. Ya ce in dawo cikin kwana 14, kuma in zo da maigidana.

Ranar da muka koma ya juya kwamfutar ya nuna mana sakamakon, duka lafiya. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, yau ma za a ce ba komai, ga shi a gaban Abban Walid. Sai ya ce, "Ya Hajja, ciwonki yana da suna, fibromiyaljiya." Ya ce ba a ganinsa a jini, ba a ganinsa a hoto, don matsalar ba a tsoka ko ƙashi take ba, a yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon ciwo take. Ya kawo misali da lasifikar masallaci da aka ƙure wa murya: ladan ya yi gyaran murya kawai, unguwa ta ɗauka. Abin da wani zai ji a matsayin taɓawa, ni jikina ciwo yake fassara shi. Ya ce a da, tun ƙa'idar da likitocin Amurka suka fitar a 1990, wurare 18 ake dannawa, sai 11 sun yi zafi a tabbatar. Daga 2010 aka sauya, aka sake gyarawa a 2016, yanzu ana duba yaɗuwar ciwon a jiki da tsananin gajiya da rashin barci da mantuwa, kuma sai abin ya kai wata uku. Ya ce cikin mutum 100 ana samun biyu zuwa huɗu, mata sun fi yawa amma maza ma suna yi. Ba ya lalata gaɓoɓi, ba ya gurgunta mutum, ba ya kisa, amma ba shi da maganin sha yanzu magani yanzu, lallaɓa shi ake yi. Sannan ya juya ga maigidana ya ce, "Ya akhi, matarka ba ragwanci take yi ba, ciwon da take ji na gaske ne." Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. A mota Abban Walid ya daɗe bai tayar da injin ba, can ya ce, "Maman Walid, ki yafe mini." Bai taɓa ce mini ƙarya nake ba, amma ni da shi mun san akwai ranakun da ya yi shiru irin na mai shakka.

Magani ya rubuta mini amitiriftilin, miligiram 10, da dare. Na karɓo a saidaliyya, wato kantin magani, na buɗe takardar cikin kwalin, na ga an rubuta maganin ikti'ab ne, ciwon damuwa. Raina ya ɓaci, na ce wato shi ma kallon mai taɓin hankali yake mini, na jefa kwalin a durowa mako guda. Khala ce ta sa na kira asibitin. Likitan ya ce laifinsa ne da bai yi mini bayani ba: asalinsa maganin damuwa ne, amma a wannan ɗan ƙaramin awo don barci da rage ƙarar lasifikar nan ake ba da shi. Ya ce akwai wasu, duloksetin da kuma wanda aka fi sani da Lyrica, amma shi Lyrica a nan sai da wasfa, wato takardar likita, ta musamman saboda masu shaye-shaye sun ɓata shi, yana kuma sa jiri da ƙiba, don haka mu fara da ƙarami. Na fara sha ana saura kwana kaɗan azumi, wanda ya kama 23 ga Maris a shekarar. Na sha wuya makon farko: ina shansa bayan tarawihi, sahur ya zo kaina kamar an ɗora dutse, ga bushewar baki da rana kamar na haɗiyi auduga. Da na koma ya ce in dawo da shi da wuri, bayan buɗe baki kaɗan, in yawaita ruwa tsakanin Magariba da sahur. Maganin ƙarin jini kuma in raba shi da shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukarsa. Sai da na yi kusan wata guda kafin wata safiya na farka na ji, a karon farko cikin shekara biyu, cewa barci na yi. Daga baya ya ƙara awon zuwa 25, a nan muka tsaya.

Amma ya gaya mini tun farko cewa ƙwaya ƙaramin rabo ce, babban maganin motsa jiki ne, shi ne abin da bincike ya fi tabbatarwa. Na ji haushin maganar, mutumin da tashi daga gado yake gagara a ce ya yi atisaye? Ya tura ni ilaj ɗabi'i, sashen gashi da motsa gaɓoɓi, ta'amin suka amince da zama shida, da suka ƙare aka sake nema. Sashen mata daban yake. Wadda ta kula da ni 'yar Filifin ce, ta koya mini miƙa jiki da numfashi, ta ce in fara da tafiyar minti goma, in riƙa ƙara minti biyu duk mako, ko da na ji zan iya fin haka. Zafi da gumin Jidda ba sa barin mutum ya taka a waje rabin shekara, sai muke zuwa mol, rufaffiyar kasuwar zamani, da safe ina zagayawa cikin sanyi, idan hunturu ya shigo mu koma Kornish, bakin teku. Darasin da ya fi tsada na koye shi da ƙaramar Sallah. Na ji ƙarfi, na karɓi aikin waina na gida uku a rana ɗaya, na tsaya a gaban tanda tun Asuba har Azahar. Kwana huɗu na yi a kwance. Da na ba 'yar Filifin ɗin labari ta ce wannan shi ne tarkon masu irin ciwona: ranar sauƙi sai mu ce bari mu biya bashin aikin da ya taru, jiki kuma ya karɓi nasa da riba. Yanzu aikin gida ɗaya nake karɓa, a zaune nake suya a kan kujera mai tsayi, duk minti ashirin in miƙe in ɗan taka. Ranar da jiki ya ƙi, a zaune nake sallah, ba na jin kunyar kowa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Gyaran barci ya fi komai wuya, kuma duk mazaunin ƙasar nan ya san dalili. Jidda da dare take rayuwa. Ziyara sai bayan Isha, abincin biki sai ɗayan dare, lokacin hutun makaranta yara ba sa kwanciya sai an yi Asuba, ga shayi da gahawa ba a ƙi. Na daina shansu daga La'asar, na sa wa kaina sha ɗaya na kwanta, na koyi cewa "ku yi mini uzuri" in tashi daga taro ana tsaka da hira. An yi gulma, an gaji an bari. Likitan romatizim ɗin ya kuma tura ni wajen likitar nafsiyya, mai duba damuwa da tunani, na ja ƙafa wata biyu saboda abin da mutanenmu za su ce idan aka gan ni a ƙofar. Zama huɗu muka yi, ba ta ba ni ƙwaya ko ɗaya ba. Ta dai nuna mini yadda tsoron ciwon yake sa in ɗaure jiki, ɗaurewar ta ƙara ciwon, da yadda zan raba aikin yini ba tare da jin na gaza a matsayin uwa ba.

Wani tuntuɓen ya zo a farkon 2024, da kamfanin maigidana ya canja kamfanin ta'amin. Na je muraja'a aka ce asibitin ya fita daga shabakarmu. Da a ce ban koyi hankali ba da sai in sake farawa daga sifili a wani wurin. Na wuce ofishin ajiyar malaf na nemi taƙrir ɗibbi, cikakken rahoton likita mai ɗauke da sunan ciwon da gwaje-gwajen da aka yi da maganin da nake sha. Na biya kuɗi kaɗan, bayan kwana uku na karɓa da hatimi. Sabon likitan ya karanta shafi biyu, ya ci gaba daga inda na baya ya tsaya. Kwafin rahoton nan yana cikin jakata duk lokacin da za mu je gida, tare da maganin a kwalinsa na asali, saboda filin jirgi.

Da za a mayar da ni 2021, abin da zan yi ba shi da yawa. Zan sami leda ɗaya mai ƙarfi in riƙa zuba kowace takarda da kwalin kowane magani. Zan rubuta a littafi, ko da Hausa ne, inda ya yi ciwo kowace rana da yadda na yi barci, don a gaban likita kai yakan ɗauke. Ba zan ce "kafaɗa" ba, zan ce wata kaza ke nan jikina duka yana ciwo, sama da ƙasa, dama da hagu, ga gajiya, ga mantuwa. Zan tafi da mai Larabci sosai, ba yaro ba, babba wadda ba zan ji nauyin faɗin al'ada da kuka a gabanta ba. Zan tsaya wa likitan baɗiniyya ɗaya in riƙa komawa, in abin ya wuce wata uku in roƙi tahwil da bakina. Masu biya daga aljihu, waɗanda ba su da ta'amin, su wannan ya fi shafa: kuɗin allura shida a wuri shida sun isa ganin ƙwararre ɗaya da gwajin da ya kamata. Mai aikin kamfani kuma ya san dokar ƙwadago ta ba shi hutun jinya a shekara, kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, 30 babu albashi, muddin likita ya rubuta. Idan dare ya yi aka rasa wanda za a tambaya game da magani, layin ma'aikatar lafiya 937 yana aiki kowane lokaci. Kada kuma wata ta karanta wannan ta yanke wa kanta fibromiyaljiya. Maƙoƙo, ƙarancin jini, sukari, zazzaɓin ɗanyen nono, amosanin gaɓoɓi, duka suna iya zuwa da irin wannan kama, kuma kowanne da maganinsa daban. Wadda gaɓarta ta kumbura, ko take zazzaɓi, ko take ramewa ba dalili, ko hannu ko ƙafa ya mutu mata, wannan ba ta jiran mau'idin mako biyar ba ce.

Ban warke ba. A mako nakan samu kwana biyar masu kyau, biyu sai a hankali, idan an yi canjin yanayi ko raina ya ɓaci lissafin yakan juye. Tafiyata ta kai minti talatin da biyar. A Rajab da ya wuce muka hau jirgin ƙasan Haramain muka je umra, na yi ɗawafi da ƙafata, da muka zo Safa da Marwa, da yake tafiyar ta haura kilomita uku, na hau keken guragu ba tare da na tsaya gardama da kaina ba, washegari kuma na tashi na dafa wa yara abinci. Baiwar Allah ta wajen sunan nan ta kira ni shekaranjiya. Ta samu mau'idi ranar Lahadi da ƙarfe goma wajen likitar baɗiniyya, ni zan raka ta, Khala za ta yi tafinta. Na ce ta fara neman leda.